Idan Maganin Tamowa Ya Yi Ƙaranci: Nauyin da Ke Kan Uwa, Wakilin Lafiya da Kwamitin Gari

Iyaye mata da wakilan lafiya na garuruwan gundumomin Tasawa da Mayahi: Da yawanku kun ji labarin an rage kuɗin agajin da ƙasashen waje ke bayarwa, kuma tambayar da ke zuciyar kowace uwa ɗaya ce: in ɗana ya kamu da tamowa bana, zan tarar da magani a likita? Wannan takarda za ta bayyana inda maganin yake fitowa, da abin da ya canja, da kuma yadda mutanen gari za su sa ido don abin da ya iso ya kai bakin yaron da aka kawo shi dominsa.

Daga ina maganin ke zuwa

Maganin da mata suka fi sani da biskit, sunansa a jikin leda Plumpy'Nut. A Faransa aka ƙirƙiro shi a shekarar 1996. Ana haɗa shi da gujiya, da garin madara, da mai, da sukari, da sinadaran gina jiki. Kowace leda tana da nauyin giram 92, kuma kwali guda yana ɗauke da leda 150, wato kusan abin da yaro ɗaya mai tamowa mai tsanani ke buƙata daga ranar da aka rubuta shi har ya warke, cikin mako shida zuwa takwas.

Jihar Maradi tana da tarihi da wannan magani. A yunwar shekarar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, akasarinsu a nan Maradi, kuma mafi yawansu a gida suka sha maganin, a hannun uwayensu. Abin da aka gani a wannan shekara ya taimaka wajen gamsar da duniya cewa uwa tana iya jinyar ɗanta a ɗakinta in an ba ta magani da bayani. Akwai ma masana'anta a Yamai, mai suna STA, da ke sarrafa shi a cikin ƙasa.

Sai dai kuɗin sayensa daga waje mafi yawansu suke zuwa. Hukumar UNICEF ce ke sayen kaso mafi girma na maganin tamowa mai tsanani, hukumar abinci ta duniya, PAM, kuma ta fi kula da na tamowa matsakaiciya. Su ma da gudummawar ƙasashe suke aiki.

Abin da ya canja

Ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Amurka, wadda a lokacin ta fi kowace ƙasa ba da agajin jinƙai, ta dakatar da taimakon da take bai wa ƙasashen waje, sannan a farkon watan Yulin shekarar aka rufe hukumarta ta USAID. Ingila da Faransa da Jamus su ma sun rage nasu kason. Kuɗi in sun ragu a can, alamarsu a nan ita ce kwalayen da ke isowa a makare ko a ƙarance, da motar da ta daina zagayen ƙauyuka, da ma'aikacin da kwangilarsa ta ƙare ba a sabunta ba.

A cikin gida ma an yi gyare-gyare. Tun 2006 doka ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce a likitocin gwamnati, haka ma awon ciki. Gwamnati ce ke mayar wa likitoci kuɗin wannan aiki, kuma biyan yakan yi jinkiri, abin da ke sa kantin maganin likita ya yi rauni. Daga ranar 1 ga Satumban 2024 an rage kuɗin ayyukan jinya da yawa da rabi, haihuwa kuma ta zama kyauta. A watan Afrilun 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa shugabannin riƙo a madadin magadan gari. Saboda haka kansilan da a da ake kai wa kuka ba ya nan, kuma nauyin faɗar damuwar gari ya ƙara komawa kan mai gari da kwamitin likita.

Matakan jinya guda uku

Aikin tamowa hawa uku ne, kuma ya kamata kowace uwa ta san su. Yaro mai tamowa matsakaiciya ana kula da shi a sashen da ake kira CRENAM. Mai tamowa mai tsanani, amma yana cin abinci kuma ba shi da wata cuta mai nauyi, yana zuwa CRENAS a likitar yanki, wato CSI, sau ɗaya a mako, a auna shi a ba shi rabonsa. Wanda ya ƙi ci, ko kumburi ya kama masa jiki, ko wata cuta ta haɗu da tamowar, sai an kwantar da shi a CRENI, a babban asibitin Tasawa ko na Mayahi.

Sauyin da ake yi a shekarun nan shi ne matso da jinya kusa da gida. A gundumar Mayahi ce ƙungiyar ACF da hukumomin lafiya suka gwada bai wa ma'aikatan ƙananan likitocin ƙauye, waɗanda ake kira kaz, damar jinyar tamowa mai tsanani. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna an ƙara kai wa ga yara, kuma warkewa ba ta ragu ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan hanya, muddin an horar da ma'aikacin kuma ana duba aikinsa. A Mirriya ta jihar Damagaram kuma an gwada tsarin rage yawan leda sannu a hankali yayin da yaro ke murmurewa. Don haka in kika ga an canja wurin karɓa ko yawan leda, kada ki ɗauka lalle cuta ce. Ki nemi a faɗa miki dalili, haƙƙinki ne.

Kwamitin likita na mutanen gari ne

Kowace CSI tana da kwamitin lafiya na yankinta, COSAN, da kwamitin gudanarwa da ke fitowa daga cikinsa, COGES. Asalin wannan tsari yana komawa ga taron Bamako na 1987, inda ministocin lafiya na Afirka suka amince cewa tun da jama'a na biyan wani ɓangare na kuɗin jinya, dole su samu kujera a inda ake ƙirga kuɗin da magungunan. Mutanen gari ne ke zaɓen ƴan kwamiti, su kuma su yi aiki tare da shugaban likita, wanda muka saba kira majo.

A lokacin wadata, kwamitin da ba ya zama ba a cika gane illarsa ba. A lokacin ƙaranci kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga tambayoyin da ya dace kwamiti ya yi a kowane zama na wata:

Kwali nawa aka karɓa, a wace rana, kuma wa ya sa hannu? Leda nawa aka raba, kuma yara nawa ke rubuce a littafi? Abin da ya rage a ɗakin ajiya ya dace da abin da ke kan katin kaya? Da yawan yaran da ake da su yanzu, mako nawa ragowar za ta kai? An aika da buƙatar sabon kaya zuwa gunduma a kan lokaci? Akwai amoksisilin da maganin zazzaɓin cizon sauro da ake haɗawa da jinyar?

Lissafin ba shi da wuya. Misali, yaron da aka yanke wa leda uku a rana zai karɓi 21 a mako. In yara 20 ke kan irin wannan rabo, likita na buƙatar leda 420 a mako, kusan kwali uku ke nan. Ɗan kwamitin da ya ga kwali shida a ɗaki ya san mako biyu kawai suka rage, kuma ranar ce ta kai kuka, tun ɗaki bai zama wayam ba.

Wannan ƙirga kariya ce ga ma'aikacin likita mai gaskiya, domin in kaya sun ƙare, akwai shaidun da suka san ba a hannunsa suka salwanta ba. Yana da kyau a samu mata a cikin kwamiti, mata masu magana, domin su ne ke tsayuwa a layi ranar rabo kuma su suka san abin da ke gudana a can.

Abin da ke hannunki, ke uwa

Jinyar yaron da aka kawo da wuri ta fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba a kan ta wanda sai an kwantar. Ki riƙa auna damtsen hagun ɗanki mai wata 6 zuwa shekara 5 da igiyar awo, a tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, aƙalla sau biyu a wata. Kore lafiya. Rawaya, wato santimita 11.5 zuwa 12.5, ki je likita cikin makon. Ja, ƙasa da 11.5, ki je a ranar. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku. In rami ya zauna a duka biyun, kumburin kwamiso ne, kuma ba a kwana da shi a gida ko da igiya ta nuna kore.

In an ba ki magani, ki ƙirga ledojin a gaban mai rabo, ki tabbatar an rubuta yawansu a katinki. Ba a biyan ko dala don biskit. Ki wanke hannu, ki fara ba yaro nono in yana sha, sannan ki ba shi maganin kai tsaye daga leda, tare da ruwa mai tsabta a gefe. Ba a dama shi cikin ruwa ko kunu, kuma ba a bai wa jariri ɗan ƙasa da wata shida, shi nonon uwa zalla ya ishe shi.

Mun san yana da zafi uwa ta ciyar da yaro ɗaya sauran suna kallo, balle a tsakiyar damina da rumbu ya yi ƙasa. Amma rabon da aka kasa uku ba ya warkar da ko ɗaya. Ledar da aka sayar a kasuwa kuwa, daga bakin wani yaro mara lafiya aka cire ta. Kuma kada ki daina zuwa don kin ga yaro ya fara wasa. Sai likita ta sallame shi.

Abin da ke hannunka, kai wakilin lafiya

Kai ne idon likita a cikin gari, kai ne kuma bakin gari a likita. Ka riƙe littafi: yaran da ka auna, waɗanda ka tura, waɗanda suka je, da waɗanda suka dawo hannu rabbana. Ka rubuta rana da abin da aka ce babu. Kalmar "ana ƙorafi" ba ta motsa kowa, amma "yara bakwai daga garinmu sun dawo ba magani a makonni biyu a jere" magana ce da majo zai iya kai wa babban likitan gunduma, shi kuma ya kai ta hukumar lafiya ta jiha a Maradi.

Ka bi gidan duk yaron da ya tsallake mako. Sau da yawa dalilin nisa ne, ko aikin gona, ko rashin izinin mai gida, kuma wannan magana ce da za ka yi da uban yaron, ko ka nemi mai gari da liman su sa baki. Daga Yuli zuwa Oktoba tamowa da zazzaɓin cizon sauro tare suke tafiya, don haka ka tabbatar yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 sun sha maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata, suna kuma kwana cikin gidan sauro.

In aka ce babu

Ko da an ce biskit ya ƙare, ki bari a auna yaron, a duba shi, a rubuta sunansa. Yaron da ba a rubuta ba, ba ya cikin lissafin da ake nemo kaya da shi. Ki tambayi ranar dawowa, da likita mafi kusa da ke da kaya. Ki sanar da wakilin lafiya a ranar.

Kafin magani ya iso, ki ci gaba da shayarwa, ki ƙara yawan ciyarwa zuwa sau biyar ko shida a yini. Ki kaurara kunun gero da garin wake ko ƙuliƙuli, ki zuba cokalin man gujiya, ki haɗa da zogale ko kuka, da ƙwai ko madara in sun samu. Wannan abinci yana riƙe yaro, amma bai kai matsayin magani ga mai tamowa mai tsanani ba. In yaro ya ƙi nono ko abinci, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko ya yi farfaɗiya, ko jikinsa ya saki, ko numfashinsa ya yi sauri, a nufi likita nan take, dare ko rana.

Shawarar rage kuɗin agaji an yanke ta ne a birane masu nisa, kuma ba daga Korgom ko Kanan Bakashe za a warware ta ba. Amma daga ƙofar ɗakin ajiya zuwa bakin yaro, hanyar a cikin garinmu take. Ku tambayi mai gari ranar zaman kwamitin likitarku na wannan wata. In ba a sa rana ba, ku nemi a sa, ku kuma je da igiyar awo da littafi a hannu. Allah ya raya mana ƴaƴanmu cikin ƙoshin lafiya.