Tafiyar da Gidan Wasan Kwaikwayo: Haƙƙin Mallaka da Tsarin Gini

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin adabi yakan nazarci jigo da salo da taurarin wasan kwaikwayo, amma kafin wasa ya hau dandamali akwai aikin mai tafiyar da gidan wasa. Wannan takarda za ta duba abubuwa biyu daga cikin aikinsa, wato neman izinin nuna wasa da kuma tsarin wurin da za a nuna shi.

2.0 Haƙƙin Mallaka

Haƙƙin mallaka shi ne ikon da doka ta ba marubuci a kan abin da ya ƙirƙira. Tushensa a duniya shi ne Yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda Nijar da Nijeriya da Kamaru suke cikinta. Ta tanadi cewa ba za a nuna wasa a bainar jama'a, ko a fassara shi, ko a sauya masa siga ba, sai da yardar mai shi. Sayen littafin wasa a kanti bai ba mutum izinin nuna wasan ba. Takardar kawai ya saya.

Kariyar tana da wa'adi. Yarjejeniyar ta ce mafi ƙaranci shi ne tsawon ran marubuci da shekara 50 bayan rasuwarsa, amma ƙasa tana iya ƙarawa, kamar Nijeriya da ta sa shekara 70. Misali, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rasu a 1966, saboda haka littafinsa Shaihu Umar yana cikin kariya a Nijeriya har ƙarshen 2036. Haka kuma wasan da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara daga littafin yana da nasa haƙƙin daban. Wasannin Moliyer, wanda ya mutu a 1673, kowa na iya ɗauka ba tare da izini ba, sai dai idan wani ya fassara su zuwa Hausa a yau, fassarar tasa ce.

A ƙasashe 17 na Afirka, ciki har da Nijar da Cadi da Kamaru, akwai kuma Yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda ta kafa ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. A Nijar, hukumar BNDA ce ke karɓar kuɗi a madadin marubuta da mawaƙa.

3.0 Takardar Izini

Izinin baka shi ke jawo rigima ranar rabon kuɗi. Ya kamata a rubuta shi, a fayyace wurin wasa, da yawan ranakun da za a yi, da ladan marubuci: ko kuɗi tsayayye, ko kaso daga kuɗin tikiti. Izinin nuna wasa bai haɗa da ɗaukarsa a bidiyo ko watsa shi a rediyo ba, kuma waƙar da aka sa a ciki tana da nata mai haƙƙi. Wajibi ne a ambaci sunan marubuci, kada kuma a yi wa aikinsa sauyin da zai zubar masa da mutunci.

4.0 Tsarin Gini

Abu uku ake dubawa: gani, ji, da tsaro. Dole layin baya ya fi na gaba tudu don kowa ya hango dandamali. A ware wa ƴan wasa ɗakin sauya kaya da hanyar shigarsu. Ƙofofin fita su kasance masu faɗi, masu buɗewa ta waje, kada a kulle su lokacin wasa, domin idan gobara ta tashi turereniya kan hallaka mutane. Kada kuma a sayar da tikiti fiye da yawan wuraren zama.

Ba lallai sai an kashe dukiya mai yawa ba. Gidan wasan Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda Steven Ehrlich ya zana a shekarun 1970, da ƙasa aka gina shi, cikin sigar ɗakuna kewaye da fili, kamar gidan Bahaushe.

5.0 Kammalawa

An ga cewa ƙungiyar da ba ta nemi izini ba tana iya fuskantar shari'a, wadda ta yi sakaci da gini kuwa rayukan ƴan kallo ta sa cikin haɗari. Aikin ɗalibi: zaɓi wasan Hausa ɗaya, ka rubuta takardar neman izinin nuna shi a makarantarku.