Wa Malam Ke Kira Ya Amsa Tambaya?

A Amurka, in aka tara malamai bita kan adalci a aji, da launin fata ake farawa. Suna da dalili: sai a 1954 kotun ƙolinsu ta haramta raba makarantun gwamnati na farare da na baƙaƙe, kuma har yau tabon bai goge ba. Malamin firamare a Roni ko Gwiwa a Jigawa zai iya cewa wannan ba ta shafe shi ba, tunda ajinsa duk fata ɗaya ce. Amma a wajenmu wariya takan biyo ta asali, ta harshe, ta sana'ar uba da abin da ke aljihunsa.

Ɗauki yaron da ya tashi a ruga, bai iya komai ba sai Fulatanci. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, wanda a Kazaure da Babura Hausa ke nan. Sai yaron nan ya fara kokawa da Hausa, kafin ya gama a ɗora masa Turanci. Ya yi shiru, malam ya ɗauka daƙiƙi ne, ya mai da shi layin baya, 'yan aji kuma su samu abin tsokana. Wannan fa a masarautar Kazaure da Bafulatani, Ɗan Tunku, ya kafa a 1819! Gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989, amma ba kowace ruga ke da makarantarta ba. Yaran da dama makarantar gari suke zuwa, gaban malamin da ba wanda ya shirya shi don karɓarsu.

Haka ɗan mahauci ko ɗan wanzami da ake goranta wa sana'ar gidansu, da yarinyar da ake turawa shara ana tsakiyar darasin lissafi. Zabiya kuwa raunin gani ke damunsa, allo ne ba ya hangowa, kuma matso da shi benci na gaba kan rage matsalar sosai. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana wariya, dokar kare masu buƙata ta musamman ma an sa mata hannu a 2019, sai dai doka ba ta zama a aji.

Akwai binciken da ya kamata kowane ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel ya sani. A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka wallafa abin da suka gani a wata firamare a Kalifoniya. Sun faɗa wa malamai cewa gwaji ya nuna wasu yara za su yi fice a shekarar, alhali sunayen da ka aka tsamo su. Da shekara ta ƙare, yaran nan, musamman na ƙananan azuzuwa, sun fi sauran ci gaba. Masana sun yi ta gardama kan girman tasirin, amma yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Yaron da malam ya sa wa rai yakan jira shi ya yi tunani, in ya kuskure ya ba shi dama ta biyu. Wanda ya cire wa rai, kafin ya buɗe baki an wuce shi. Malamin ba mugu ba ne, yawanci bai ma san yana yi ba.

Shi ya sa nake ganin bitar ɗakin taro ba ta isa ba. A yi kwana uku ana lacca, a karɓi alawus da takardar shaida, kowa ya amince wariya ba kyau, ya koma aji ya ci gaba da halinsa. Jigawa ta ga abin da ya fi wannan: a shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008, jami'an tallafa wa makarantu sun riƙa shiga aji su kalli darasi, su zauna da malami daga baya. Wannan zama shi ne wurin da za a saka maganar adalci, kuma ba ya cin kuɗi. Abokin aiki ya zauna a baya da rajista, ya riƙa sa alama a sunan duk wanda aka kira, da wanda aka yaba, da wanda ya sha bulala. Bayan mako guda a duba takardar tare, ba a gaban yara ba, ba kuma a matsayin tuhuma ba.

Sauran aikin na hedimasta ne da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Malamin da ke jin Fulatanci a tura shi aji ɗaya na makarantar da ke kusa da ruga, maimakon a bar shi a cikin garin Kazaure, sannan kwamitin kula da makaranta ya ba Arɗo kujera tare da mai unguwa da wakiliyar iyaye mata.