Kankiya da Kusada: Tarihin da Ke Cikin Sunaye da Itatuwa

Duk wanda ya bi babbar hanyar mota da ta haɗa Kano da Katsina sai ya ratsa ta Kankiya, garin da ke kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da birnin Katsina, amma kaɗan ne daga cikin matafiya ke ɗaukarsa a matsayin wurin da ya cancanci a sauka a zaga, domin a idon mafi yawansu zango ne kawai na yin salla da shan mai da sayen tsire. Kusada kuwa, wadda ke gabas da wannan hanya, ba ta ma samun ko wannan ɗan kallon, tunda sai an ratse daga babban titin kafin a kai gare ta. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba ƙaramar hukumar Kankiya mutane sama da 150,000, ta kuma ba Kusada kusan 100,000, kuma su biyun tare da Ingawa ne suke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. A siyasa ana lissafa su cikin shiyyar Daura, amma a sarauta suna ƙarƙashin masarautar Katsina, kuma wannan na biyun shi ne ya fi amfani ga mai neman tarihi.

Kayan tarihi, a ma'anar da masana ke amfani da ita, ba su tsaya ga abin da aka killace cikin gilashi a gidan adana kayan tarihi ba. Sun haɗa da gini da kufai da kushewa da itace da sunan wuri da sarauta da sana'a, wato duk abin da mutanen da suka shuɗe suka bari wanda za a iya gane rayuwarsu ta hanyarsa. Ƙananan garuruwa irin Kankiya da Kusada ba su da hasumiya kamar ta Gobarau, ba su kuma da rijiyar da sunanta ya zaga duniya kamar Kusugu ta Daura, saboda haka baƙon da ya zo yana neman allon bayani da mai sayar da tikiti zai koma yana cewa bai ga komai ba. Abin da ke wurin yana buƙatar a iya karanta shi ne, kuma karatun yana farawa daga tsohuwar hanyar fatake.

Kafin zuwan mota, ayarin raƙuma da jakuna da takarkarai da ke tasowa daga Katsina zuwa Kano ta Kusada yake bi, kuma akwai shaidar wannan a rubuce. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim a tafiye-tafiyensa, ya bar Katsina a ƙarshen watan Janairun 1851, bayan Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya tsare shi na wasu kwanaki a kan batun kyautar da ta dace da sarki, ya ratsa ta Kusada, ya kuma shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu. A littafin tafiyarsa da aka fara bugawa a 1857 ya bayyana Kusada a matsayin gari mai muhimmanci, wanda ganuwarsa ke tsaye da kyau, cikinsa cike da itatuwa, mafi yawan ɗakunansa kuma na ƙasa ne da jinkar ciyawa, ginin da shi kansa ya yarda cewa ya fi dacewa da yanayin ƙasar. Wannan bayani ya nuna cewa a tsakiyar ƙarni na 19 Kusada birni ce, a ma'anar asali ta kalmar, wato gari mai ganuwa da ƙofofi. Da aka shimfiɗa titin mota ta Kankiya sai harkar ta koma can, kasuwanci da ma'aikatu da makarantu suka bi ta, har da makarantar koyon aikin kiwon lafiya da ta sa sunan Kankiya ya shiga bakin ɗalibai a faɗin jihar, ita kuwa Kusada ta zauna a gefe da tarihinta.

Abin da ya fi jan hankalin Barth a nan shi ne rimi. Ya lura cewa wannan itace, wanda ya fi kowane itace tsawo a ƙasar Hausa, yawanci a bakin babbar ƙofar gari ake samunsa, ya kuma yi hasashen cewa ko dai da gangan ake shuka shi don ya zama alama ga matafiyi daga nesa, ko kuma ragowar wata al'ada ce ta kafin Musulunci. Hasashen farko yana da ƙarfi ga duk wanda ya taɓa tafiya a ƙasa a wannan yanki mai shimfiɗe, inda babu tsaunin da zai nuna hanya, domin kan rimi ne ke fara bayyana tun kafin a hango rufin ɗaki ko ɗaya. Idan aka matsa kusa da tsohon rimi za a ga saiwoyinsa sun taso daga ƙasa kamar bangaye, sun raba gindin gida-gida, har mutum kan iya zama a tsakaninsu ba a gan shi ba. A lokacin rani kuma 'ya'yansa kan fashe su saki auduga mai laushi wadda iska ke ɗauka. Da wannan auduga ake cusa matashin kai da katifa, da ita kuma ake cusa lifidi, wato rigar kariya mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa a fagen yaƙi. Ke nan itacen da ke bakin ƙofa yana da hannu a tsaron garin da yake gadi. Ba abin mamaki ba ne da ɗaya daga cikin manyan garuruwan ƙaramar hukumar Kankiya yake amsa sunan Rimaye, wanda jam'in rimi ne.

Bayan tsohuwar hanya da riminta, sunayen garuruwa su ne littafi na biyu. A ƙasar Kankiya akwai Kafin Soli da Kafin Dangi, kalmar kafi kuwa tana nufin shingen kariya da ake yi da gumagumai da ƙaya a kewaye ƙauyen da bai kai ƙarfin gina ganuwar ƙasa ba. Irin wannan suna yana tuna zamanin da zama a fili ya kasance ganganci. Bayan jihadi ya kai Katsina, Ummarun Dallaje ya hau sarauta a 1807, sarakunan Haɓe da aka kora suka koma arewa suka kafa Maraɗi, daga can kuma suka yi ta kawo hari ƙasar Katsina kusan tsawon ƙarnin, musamman a zamanin sarkinsu Ɗan Baskore, saboda haka manomi ya koyi kwana a cikin kafi ya fita gona da safe. A ƙasar Kusada akwai Kofa da Yashe da Mawashi da Dudunni da Bauranya, kowanne da labarin kafuwarsa a bakin dattawansa. Akwai kuma mararrabar da ake kira Gidan Mutum Ɗaya, inda hanyar Malumfashi da Funtuwa ke rabuwa da ta Kano, sunan da ya ci gaba da zama a bakin direbobi duk da cewa wurin ya daɗe da wuce gida ɗaya. Wannan misali ne na yadda suna kan riƙe hoton wuri kamar yadda yake a ranar da aka raɗa shi.

Ganuwar ƙasa ba ta jure sakaci. Ana gina ta ne da tubali, wato curin laka da aka mulmula da hannu mai faɗin gindi da tsinin kai, aka shanya a rana, sannan a jera shi a yaɓe, kuma kowace damina tana cin rabonta, shi ya sa a da gyaran ganuwa aikin gayya ne na shekara-shekara bayan an kawar da amfanin gona. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903 yaƙe-yaƙe suka tsaya, dalilin gyaran ya kau, mutane suka shiga ɗibar ƙasar ganuwa suna gina gidajensu. A irin waɗannan garuruwa abin da mai ziyara zai nema shi ne dogon tudu mai lanƙwasa da ke bin bayan tsofaffin unguwanni, da kwarin da ke gefensa inda gwalalo yake a da, da kududdufai, wato ramukan da aka haƙi ƙasar gini waɗanda ke cika da ruwa da damina, da kuma unguwar da har yanzu ake kiranta da sunan ƙofar da babu ita. A cikin gari kuma tsofaffin zaurukan gidajen sarauta da na malamai su ne suka fi riƙe fasahar magina: rufin azara da ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cinta, da ɗaurin guga, wato bakan ƙasa da ke haɗuwa a tsakiyar rufi ya ɗauki nauyinsa ba tare da ginshiƙi ba, da shafen makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa don kare bango daga ruwa, da zankwaye a kusurwoyin soro. Bulo da kwano suna cinye waɗannan gine-gine a hankali, kuma da wuya a ga laifin maigidan da ya gaji da yaɓe duk shekara, sai dai kowane zaure da aka rushe yana tafiya da ilimin da ba a rubuta ba.

Sarauta ita ce kayan tarihin da ke da rai. Hakimin Kankiya yana riƙe da sarautar Kankiyan Katsina, na Kusada kuma Bebejin Katsina, ƙarƙashinsu akwai magaddai, kamar yadda Katsinawa ke kiran dagatai, sannan masu unguwanni. Zaman hakimi a cikin gundumarsa tsari ne da ya kafu a farkon mulkin Turawa, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko wanda ya hau gadon Katsina a 1906, domin kafin nan yawancin masu riƙe da ƙasa a birni suke zaune suna aika jakadu. Ta wannan tsani ne baƙo ke shiga gari idan yana son ya ga abin kirki. Ladabin shi ne ya fara da ƙofar mai unguwa ko magaji, ya cire takalmi a bakin zaure, ya yi gaisuwa da "ranka ya daɗe", ya faɗi abin da ke tafe da shi, a nan ne za a haɗa shi da dattijon da ya san inda tsohuwar kasuwa ta ci da inda marina take. Ba a ɗaukar hoton mutum ko na cikin gida sai da izini, ba a kuma shiga maƙabarta don kallo. Wannan gaisuwa tana da wani amfanin a yau, domin matsalar 'yan bindiga da ta addabi yammacin jihar ta taɓa wasu ƙauyukan wannan yanki a shekarun baya-bayan nan, kuma mutanen gari ne suka san hanyar da ake bi da wadda ake bari.

Dangane da shaƙatawa a fili, abin da yankin ke da shi shi ne karkararsa. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake, wadda manoma suka bar itatuwa masu amfani a tsakiyar gonakinta, kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya da gawo, har ta zama kamar lambun da aka tsara, kuma Barth ma ya yaba kyan ƙasar da ke tsakanin Katsina da Kano. Gawo ya cancanci a tsaya a dube shi, saboda yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, sannan ya yi kore shar da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci. Lokacin da ya fi daɗin ziyara shi ne kaka zuwa farkon hunturu, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da dammunan gero ke jere a gona, hanyoyin ƙauye sun bushe, 'yan dambe da 'yan kokawa kuma sun fara zaga garuruwa. Mai son ganin kasuwar ƙauye a cikarta sai ya nufi Charanci, arewa kaɗan da Kankiya a kan hanyar Katsina, ranar Lahadi, inda karar shanu da ta awaki ke tara dillalai daga nesa. Mai son ruwa kuma sai ya bi hanyar Dutsin-ma zuwa madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983.

Kankiya tana da fa'idar zama mararraba, domin daga cikinta ana iya kaiwa ga manyan wuraren tarihin jihar a dawo a yini guda. Wanda ya fi dacewa da mai bin sawun tsohuwar hanya shi ne Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda tuddan kaburburan da ake dangantawa da sarakunan Durɓawa suke, wato gidan sarautar da ya riƙe Katsina kafin Muhammadu Korau. Kusheyi kuwa jam'in kushewa ne. Jami'in mulkin mallaka Herbert Richmond Palmer ya fara tona wurin a 1907, aka sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1959, sannan a 1992 masu bincike daga Jamus tare da hukumar kula da gidajen tarihi ta Nijeriya suka sake tona wasu daga cikin tuddan. An kai abin da aka samu birnin Mainz don a tsabtace shi a nazarce shi, aka dawo da shi Nijeriya a 2014. A cikinsa akwai wuri da duwatsun wuya da mundaye na tagulla da na hauren giwa da kayan ado na zinariya da wani kwanon ƙarfe da aka ƙera a ƙasashen Musulmi na gabas, an kuma kimanta shekarun kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Wuri daga tekun Indiya yake fitowa, saboda haka kafin ya kai ga kabarin wani basarake a ƙasar Mani sai da ya ratsa teku da hamada a hannun fatake, ɗaruruwan shekaru kafin Barth ya tsaya a gindin rimin ƙofar Kusada.