Riƙon Karnukan Tsere Bayan Ritaya a Ingila

Tun shekarar 1926, lokacin da aka buɗe filin Belle Vue a birnin Manchesta, tseren karnuka ya zama babbar hanyar caca a Ingila. Karen da ake tsere da shi siriri ne, mai dogayen ƙafafu, yakan yi gudun kilomita 70 a sa'a guda. Sai dai da wuya ya wuce shekara biyar yana tsere, alhali yakan rayu shekara 12 ko fiye. To, ina makomarsa?

A 2006 jaridar Sunday Times ta bankaɗo yadda wani mutum a garin Seaham ya daɗe yana harbe irin waɗannan karnuka yana binnewa a bayan gidansa. Abin ya girgiza jama'a, ya kuma ƙara wa ƙungiyoyin agaji ƙaimi, musamman Greyhound Trust wadda aka kafa tun 1975 don nema musu gidaje.

Kafin kare ya sami gida na dindindin, sau da yawa akan ba da shi riƙo na 'yan makonni ga masu aikin sa kai. Dalili kuwa shi ne a keji ya tashi tare da 'yan'uwansa. Bai san matakalar bene ba, yakan yi karo da ƙofar gilashi, kuma kaɗaici yana firgita shi. Mai riƙo zai koya masa hawa bene mataki-mataki, ya saba masa da yin bahaya a waje. Idan za su fita sai ya sa masa takunkumi da igiya, domin an horar da shi ya bi duk abin da ya gilma, ko da kyanwar maƙwabta ce. Da sanyi akan sa masa riga, saboda ba shi da kitse. Abin mamaki, yawo na minti ashirin sau biyu a rana ya ishe shi, sauran yinin barci yake yi.

A 2020 hukumar tseren karnuka ta Biritaniya ta wajabta wa mai kare ya ajiye fam 200, ita ma ta ƙara 200, don ɗawainiyar ritayarsa. Dama wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.