Idan Jami'a Ba Ta Ɗauki Yaro Karatun Digiri Na Biyu Ba, Mene Ne Abin Yi?

A yau da wuya a sami gari ko babban ƙauye wanda ba shi da yaro ko yarinyar da ta gama jami'a. Wani uban hatsi ya riƙa sayarwa yana biyan kuɗin makaranta. Wata uwar kiwon awaki ta yi har ɗanta ya kammala. Bayan yaro ya gama, ya yi shekara guda ta bautar ƙasa, sau da yawa sai aiki ya ƙi samuwa. Daga nan sai ya ce zai koma ya ƙaro ilmi, watau ya yi digiri na biyu. A sake haɗa kuɗi a saya masa fom. A yi ta jira wata da watanni. Ranar da sunaye suka fito, a duba, babu nasa.

Irin wannan yakan jawo ɓacin rai a gida. Uba ya ga kamar kuɗinsa sun tafi a banza. Yaro ya ji kunyar fita dandali. Amma rashin samun shiga a wannan shekara bai rufe ƙofa ba. Akwai hanyoyi da dama da za a bi, in dai an fahimci yadda abin yake tafiya.

Matakan karatun jami'a

Karatun jami'a hawa uku ne. Akwai digiri na farko, wanda yawanci yakan ɗauki shekara 4 zuwa 6. Akwai digiri na biyu, wanda yakan ci kamar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci ya wuce haka. Sannan akwai digiri na uku, wanda idan mutum ya gama shi ake ce masa dakta.

Mai neman digiri na farko ta hannun hukumar JAMB yake bi. Amma mai neman digiri na biyu ba ruwansa da JAMB. Kowace jami'a ita take sayar da fom ɗinta, ita take zaɓen waɗanda za ta ɗauka. Haka abin yake a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, da sauransu. Saboda haka wanda wata jami'a ta ƙi, yana iya dacewa a wata.

Abin da jami'a take dubawa

Abu na farko shi ne darajar digirin yaro. Digiri kamar hatsi ne a kasuwa, akwai na ɗaya, akwai mai bi masa. A jami'o'in da ake auna maki bisa 5, wanda ya sami 4.50 zuwa sama shi ne mai daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ce ta sama. Daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ce ta ƙasa. Daga 1.50 zuwa 2.39 kuwa daraja ta uku ce. Yawancin jami'o'i ba sa ɗaukar mai daraja ta uku kai tsaye. Wasu ma ko mai daraja ta biyu ta ƙasa ne, sai makinsa ya kai 3 suke karɓarsa.

Abu na biyu shi ne takardar sakandare. Ana bukatar kiredit 5, har da Turanci, kuma a fannoni da yawa har da lissafi. Na uku shi ne takardar gama bautar ƙasa, ko kuma takardar da ke nuna an ɗauke wa mutum ita. Na huɗu shi ne cikakkiyar takardar maki, wadda ke nuna abin da ɗalibi ya ci a kowane darasi tun daga ajin farko har na ƙarshe. Tsohuwar makarantarsa ce take aika ta zuwa sabuwar. Akan kuma nemi wasiƙun shaida daga malaman da suka koyar da shi. Wasu sassa sukan yi jarrabawa ko ganawa da baki.

Me ya sa ake ƙin wanda ya cancanta?

Ba kowane wanda aka ƙi ne ya gaza ba. Ɗalibin digiri na biyu sai ya yi bincike ya rubuta kundi, kuma sai an ba shi malamin da zai riƙa duba aikinsa. Malamai ba su da yawa, masu nema kuwa sun yi yawa. Idan sashe ya cika, sai a tsaya, ko da saura masu kyakkyawan maki. Yajin aikin malaman jami'a ma yakan ƙara cunkoso. Na shekarar 2022 wata 8 ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya sa ɗalibai da yawa ba su gama a kan lokaci ba.

Wani kuma takardar makinsa ce ba ta iso da wuri ba. Wani sunansa na takardar sakandare ya saɓa da na digiri. Wani fannin da ya nema ba shi da dangantaka da abin da ya karanta tun farko.

Saboda haka matakin farko shi ne a san dalili. Yaro ya tafi sashen da ya nema, ya tambaya cikin ladabi. Ba a shan magani sai an san ciwo.

Hanya ta farko: a gyara takardu, a sake nema

Idan kiredit ne bai cika ba, hukumomin WAEC da NECO suna shirya jarrabawa ta masu zaman kansu. Mutum yana iya zama ya cike abin da ya rage. Idan takardar maki ce ta makara, sai a fara bin ta tun kafin a soma sayar da fom na baɗi. Idan suna ne ya saɓa, akwai takardar rantsuwa da ake yi a kotu. Kuma in hali ya yi, a nemi jami'a biyu ko uku. Kada a dogara da guda.

Hanya ta biyu: difloma ta bayan digiri

Wanda yake da daraja ta uku, sake sayen fom ɗin digiri na biyu asarar kuɗi ce. Abin da ya dace da shi shi ne difloma ta bayan digiri, wadda ake kira PGD. Karatun kamar shekara guda ne. Ita ce gadar da mai daraja ta uku yake hawa ya tsallaka, haka ma mai babbar difloma ta kwalejin fasaha, da wanda yake son sauya fanni. Amma sai an dage an ci da kyau, domin makin da aka samu a cikinta shi za a duba.

Hanya ta uku: karatu daga gida

Akwai jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wadda ake kira NOUN. Ta gwamnatin tarayya ce, tana da cibiyoyi a jihohi, tana kuma ba da digiri na biyu a fannoni da dama. Ɗalibi yana gidansa yana aikinsa, ya riƙa karatu ta littattafai da waya ko kwamfuta, ya je cibiya lokacin jarrabawa. Wannan ta dace da matar aure mai goyo, da wanda gona ko kanti ba za su bar shi ya tare a birni ba.

Hanya ta huɗu: takardar koyarwa da ta ƙwararru

Makarantun karkara suna fama da ƙarancin malamai. Mai digirin da bai karanta fannin koyarwa ba yana iya yin difloma ta koyarwa, watau PGDE. Ana yin ta a jami'o'i, da kuma Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976. Da ita zai yi rajista da hukumar rajistar malamai, ya zama cikakken malami. Wanda ya karanta aikin akanta kuwa yana iya bin jarrabawar ƙungiyar ICAN ko ta ANAN. A wajen masu ɗaukar ma'aikata, irin wannan takarda tana da daraja ƙwarai.

Hanya ta biyar: aiki da sana'a

Shekarar jira ba ta zaman kashe wando ba ce. Ko ƙaramin aiki ne, a makarantar kuɗi ko a kanti ko a ƙungiyar manoma, a kama shi, a kuma karɓi takardar shaidar aiki. Tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin Ingila take bayarwa don digiri na biyu, ba a ba da shi sai ga wanda ya yi aiki na shekara 2. Wanda ya sami aikin koyarwa a kwaleji ko jami'ar gwamnati kuwa, asusun TETFund yana ɗaukar nauyin ƙaro karatun irin waɗannan malamai, ta hannun makarantunsu.

Sana'ar hannu ma ba ƙasƙanci ba ce ga mai digiri. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, tana da ofisoshi a jihohi, tana koyar da sana'o'i. Noman rani, kiwon kaji da kifi, turken raguna, gyaran waya, haɗa wutar sola, duk ana ci da su. Mai ilmi yana iya rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu, ya gane riba daga faɗuwa. Da abin da ya tara zai biya wa kansa karatu baɗi, ba sai an taɓa rumbun gida ba.

A kiyayi 'yan damfara

Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai sa sunan yaro, a guje shi. Kuɗin fom ta banki ake biya, da sunan jami'a, a karɓi rasiɗi. A kuma kiyayi makarantun bogi. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, takan fitar da sunayen jami'o'in da ta amince da su da waɗanda ba su da izini. A watan Janairu na 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga ƙasashen Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sayo digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. Garaje ba ya haifar da ɗa mai ido.

Aikin iyaye

Gori da faɗa ba sa ƙara wa yaro maki. Abin da ya fi shi ne uba da uwa su zauna da shi, su yi masa tambaya uku. Me ya sa ba a ɗauke shi ba? Aikin da yake buri, dole ne sai da digiri na biyu? Me zai riƙa yi daga yau zuwa lokacin da za a sake sayar da fom? Idan ya kawo amsa mai ma'ana, a tallafa masa gwargwadon ƙarfi. Kada a sayar da gona ko shanun huɗa saboda kuɗin fom, domin su ne abincin gida duka, har da ƙannensa da ke tasowa.

'Ya mace ma haka take. Rashin samun shiga sau ɗaya ba dalili ba ne na a ce karatunta ya ƙare. Ko tana gidan iyaye ko tana ɗakin miji, hanyoyin nan a buɗe suke gare ta.

Digirin farko da yaro ya riga ya samu yana nan, ba ya ruɓewa, ba ya tsufa. Jami'o'i kuma a kai a kai suke sayar da fom. Wanda ya gyara takardunsa, ya kama sana'a, ya tara 'yan kuɗinsa, zai koma da ƙarfin da ya fi na bara. In hagu ta ƙiya, sai a koma dama.