BABI NA UKU: SABUNTA CANCANTAR MASU CIN GAJIYAR INSHORAR LAFIYA BAYAN ANNOBAR KORONA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana abin da ake nufi da sabunta cancanta a tsarin inshorar lafiya na gwamnati, da kuma dalilin da ya sa wannan al'amari ya ƙara muhimmanci bayan da aka ɗage dokar ta-ɓaci ta annobar korona. Za a fara da ma'anar batun, sannan a kawo tsarin da ake bi a Nijeriya da Jihar Kano. Daga nan sai a leƙa abin da ya faru a ƙasar Amurka, domin a can an yi gagarumin aikin sabuntawa bayan annobar. Daga ƙarshe za a dawo da maganar gida, wato mazaɓar Saji ta Ƙaramar Hukumar Rano da maƙwabtanta na Ƙaramar Hukumar Kibiya, a ga irin darasin da ya kamata a ɗauka.

3.1 Ma'anar Sabunta Cancanta

Inshorar lafiya tsari ne da ake tara kuɗi wuri ɗaya tun ana lafiya, domin a biya wa wanda ciwo ya kama kuɗin magani. Mai albashi ana cirar wani kaso daga albashinsa, mai sana'a kuma yakan biya kuɗin shekara da hannunsa. Amma akwai rukuni na uku, wato marasa ƙarfi waɗanda gwamnati ce take biya musu. Da yake kuɗin gwamnati ba ya isar kowa, dole a sa sharuɗɗan da za su bambance wanda za a ɗauka da wanda ba za a ɗauka ba. Cika waɗannan sharuɗɗa shi ake kira cancanta.

Ita kuwa cancanta ba aba ce mai dawwama ba. Mai ciki takan haihu, yaro yakan girma, talaka yakan samu, mai hali yakan rasa, wani ya yi ƙaura, wani kuma rai ya yi halinsa. Saboda haka hukuma takan koma kan jerin sunayen da ke hannunta lokaci zuwa lokaci, ta tabbatar da waɗanda suke nan kan sharaɗi, ta cire waɗanda suka fita, ta shigar da sababbi. Wannan aiki shi ne sabunta cancanta. Ana iya cire mutum ta hanya biyu: ko dai an bincika an ga bai cancanta ba, ko kuma ba a same shi ba, ko bai kawo takardar da aka nema ba. Hanya ta biyu ita ce abin damuwar wannan babi, domin tana iya raba mai haƙƙi da haƙƙinsa alhali talaucinsa yana nan yadda yake.

3.2 Tsarin Nijeriya da na Jihar Kano

An kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa a shekarar 1999, amma sai a 2005 shirin ya fara aiki, kuma mafi yawan waɗanda suka amfana a farkon lamari ma'aikatan gwamnatin tarayya ne. Manomi da ɗan tireda da ke karkara ba su san ana yi ba. A shekarar 2014 aka zartar da Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta samar da Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko. Dokar ta tanadi a riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a wannan asusu. Rabin kuɗin an ware shi ne don biya wa jama'a kuɗin magani ta hanyar inshora, kashi 45 don magunguna da kayan aiki da ma'aikatan asibitocin matakin farko, kashi 5 kuma don taimakon gaggawa. Sai a kasafin shekarar 2018 aka fara saka wa asusun kuɗi, kimanin Naira biliyan 55.

A Jihar Kano kuwa, an yi dokar kafa Hukumar Taimakekeniyar Lafiya a shekarar 2016. Kalmar taimakekeniya ta fi inshora karɓuwa a wurin jama'a, domin tana nuna taimakon juna, abin da al'ada da addini suka yarda da shi. Ta hannun wannan hukuma ake yi wa marasa ƙarfi rajista a ƙarƙashin asusun tarayya. Manufar shirin ita ce a sami aƙalla asibitin matakin farko guda ɗaya a kowace mazaɓa, kuma Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Rano tana da mazaɓu 10, Saji ɗaya ce daga cikinsu, haka ita ma Kibiya tana da 10.

A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar. Wannan doka ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni, wato yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu juna biyu, da tsofaffi, da masu naƙasa, da matalauta.

3.3 Zuwan Annoba da Ƙarewar Dokar Ta-ɓaci

An tabbatar da ɓullar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020 a Legas, a Kano kuma ranar 11 ga Afrilu na wannan shekara, inda 'yan kwanaki kaɗan bayan haka aka hana fita. Kasuwanni suka tsaya, 'yan ci-rani suka rasa abin yi. Gwamnatin tarayya ta mai da hankali ga rabon tallafi, har Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin a faɗaɗa rajistar matalauta ta ƙasa daga gidaje miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. A watan Janairu na 2021 kuma aka ƙaddamar da wata rajistar gaggawa domin talakawan birane da annobar ta karya wa jari.

Duk aikin da aka yi cikin gaggawa yakan bar baya da ƙura. Sunayen da aka tattara a lokacin annoba an tattara su ne don a ceci rai, ba a tsaya dogon bincike ba. Ranar 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa korona ta daina zama larurar gaggawa ta duniya. A watan Yuli na shekarar, Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnonin jihohi suke cikinta, ta nuna rashin gamsuwa da rajistar matalautan da aka gada. Ke nan dole a sake tantancewa. Da yake irin wannan rajista tana cikin hanyoyin da ake bi wajen gano marasa ƙarfin da za a biya wa kuɗin magani, duk abin da ya taɓa ta zai iya taɓa katin asibitinsu.

3.4 Abin da ya Faru a Amurka

Kafin a duba yadda tantancewa za ta shafi mutumin Saji, yana da kyau a ga yadda ta kasance a inda aka yi ta a fili, aka kuma ƙididdige sakamakonta. Amurka tana da shirin inshorar marasa ƙarfi mai suna Medicaid, wanda aka kafa a 1965. A bisa ƙa'ida, kowace shekara ake sake duba kuɗin shigar mai cin gajiyarsa. A watan Maris na 2020 majalisar ƙasar ta yi doka ta ƙara wa jihohi kuɗi, bisa sharaɗin kada su cire kowa daga shirin muddin ana cikin annoba. Wannan ya sa adadin masu rajista a shirin da takwaransa na yara ya tashi daga kimanin miliyan 71 zuwa kimanin miliyan 94.

Wannan kariya ta ƙare ranar 31 ga Maris, 2023, jihohi suka koma tantancewa. A cikin kimanin shekara ɗaya da rabi an cire mutane fiye da miliyan 25. Abin lura a nan shi ne, kusan kashi 69 cikin 100 na waɗanda aka cire, an cire su ne saboda matsalar takarda: wasiƙa ta je tsohon adireshi, ko fom bai dawo a kan lokaci ba. Ba a kai ga tabbatar da cewa sun daina cancanta ba. Bugu da ƙari, a watan Satumba na 2023 an gano kuskure a na'urorin jihohi kimanin 30, inda ake auna cancantar gida gaba ɗaya maimakon ta mutum ɗaya-ɗaya, sai da aka mayar da mutane kusan 500,000, da yawansu yara. A ɗaya ɓangaren kuma, mafi yawan waɗanda aka sabunta wa rajista an sabunta musu ne ta amfani da bayanan da hukuma take da su tun farko, ba tare da an nemi su cike komai ba.

3.5 Yadda Lamarin ya Shafi Saji da Kewaye

Tsarin Nijeriya ya bambanta da na Amurka, domin a can ana auna albashi ne, a nan kuwa an fi duba rukunin da mutum ya faɗa. Amma idan har takarda ta iya kayar da miliyoyin mutane a ƙasar da mafi yawan mutane suke da adireshi da akwatin gidan waya, to haɗarin ya fi girma a karkarar kudancin Kano. Ana iya kasa wannan haɗari kashi huɗu.

Na farko shi ne ƙarewar wa'adi. Alal misali, yaron da aka haifa a watan Afrilu na 2020, lokacin hana fita, ya cika shekara 5 a watan Afrilu na 2025, ya fita daga rukunin ƙananan yara. Idan gidansu matalauta ne, ya cancanci a mayar da shi rukunin matalauta. In ba a yi haka ba, sai ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kama shi uwarsa za ta ji cewa katinsa ya daina aiki. Haka lamarin yake ga mace bayan ta haihu.

Na biyu shi ne shaidar ɗan ƙasa da lambar waya. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, a watan Afrilu na 2022 kuma aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Wanda ya yi rajista da layin da ya mutu daga baya, saƙo ba zai same shi ba. Matan aure da yawa kuma da lambar miji ko ta ɗa aka rubuta su. Haka nan bambancin rubutun suna, a rubuta Hauwa a wannan takarda, a rubuta Kulu ko Jidda a waccan, ya isa ya sa na'ura ta ɗauke su mutum biyu.

Na uku shi ne lokaci. Mutanen wannan yanki manoma ne. Da damina suna gona, da rani kuma matasa da magidanta da yawa sukan tafi ci-rani birnin Kano ko kudancin ƙasa, wasu kuma noman rani a wuraren da ruwan madatsar Tiga yake kaiwa. Tantancewar da aka sa wa kwana biyu ko uku a tsakiyar shuka ko girbi, ko bayan an watse ci-rani, za ta tsallake mutanen da aka yi shirin dominsu.

Na huɗu shi ne harshe da nisa. Dattijai da yawa sun iya karatun ajami amma ba su iya boko ba, balle Turanci. Tsohuwa ko mai naƙasa da aka ce sai ta je hedikwatar ƙaramar hukuma a Rano ko Kibiya, kuɗin babur kaɗai zai iya hana ta. Shi ma asibitin mazaɓa abin yana shafarsa, domin ana biyansa ne wata-wata gwargwadon yawan mutanen da suka yi rajista da shi. Idan sunaye suka ragu, kuɗin sayen magani ya ragu.

3.6 Hanyoyin Kiyayewa

Ba a cewa a daina tantancewa, domin barin sunan mamaci ko na mai hali a cikin jeri tauye haƙƙin wani talaka ne da yake jira. Abin da ake buƙata shi ne nauyin aikin ya koma kan hukuma. Ya kamata a fara da bayanan da ke hannu, kamar littafin awon ciki da na rigakafi da ke asibitin mazaɓa. A yi aikin a cikin mazaɓa tare da dagaci da masu unguwanni da limamai da kwamitin ci gaban mazaɓa, domin su suka san wanda ya rasu da wanda ya yi tafiya. A zaɓi lokacin da jama'a suke gida, a yi shela da Hausa a masallatai da kasuwanni da gidajen rediyo. Kada a cire sunan kowa sai an sanar da shi dalili, an kuma ba shi wa'adin kai kuka. Daga ƙarshe, hukuma ta riƙa bayyana adadin waɗanda aka cire don rashin cancanta daban, da na waɗanda aka cire don rashin takarda daban, kamar yadda aka yi a Amurka, domin ta haka ne aka gane inda matsalar take.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar sabunta cancanta, an kawo dokokin da suka kafa inshorar lafiya a Nijeriya da Jihar Kano, an kuma nuna yadda ƙarewar annoba ta jawo sake tantance sunaye. An ga cewa a Amurka mafi yawan waɗanda aka cire matsalar takarda ce ta fitar da su, kuma abubuwan da suke haddasa haka suna nan a Saji da ƙauyukan Rano da Kibiya. Babi na gaba zai duba rawar da sarakunan gargajiya da kwamitocin mazaɓu za su iya takawa wajen gano masu rauni.