Taswirar Ƙarar Tsawa a Akwatin Rediyo

Ƙarar nan da ke katse shirye-shiryen gajeren zango, musamman da damina, walƙiya ce ke haddasa ta, ko da kuwa hadarin yana can wata ƙasa mai nisa.

Tun 1957 masana suka shiga auna ta a tashoshi 16 na duniya, har da Ibadan. A 1963 kwamitin rediyo na Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ya amince da rahoto mai lamba 322, mai taswira 24: an kasa shekara huɗu, dare da rana kuma shida. Daga bisani aka zuba alƙaluman cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Da su injiniya ke lissafa ƙarfin da tasha ke bukata. In ƙarfin ya gaza, ƙara za ta danne muryar mai karanta labarai kafin ta isa ƙauye.